Za mu mayar da rijiyar burtsatsen unguwarmu kan sola: me zai hana ta mutuwa bayan shekara uku?

Sakataren Kwamitin Ruwa, Rigasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da dattawa da malamai da injiniyoyin da ke wannan zaure. Ni ne sakataren wani ƙaramin kwamiti da ke kula da rijiyar burtsatse a layinmu da ke Rigasa, wadda gidaje kimanin sittin da masallacin unguwa da makarantar Islamiyya suke ɗibar ruwa a cikinta. Tun da aka haƙa ta muna tayar da injin sumo, wato injin da ke cikin rijiyar yana turo ruwa sama, da wutar Nepa idan ta samu, idan kuma babu sai a kunna janareta da kuɗin karo-karon da gidaje ke bayarwa duk ƙarshen wata.

Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, sai karo-karon ya daina isa, har ta kai sau ɗaya muke buɗe famfo a yini. Abin da ya ƙarasa farkar da mu shi ne duhun watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Mando, sannan ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, Arewa ta shafe fiye da mako guda babu lantarki. A waɗannan kwanaki gidajenmu sun koma jiran kurar 'yan garuwa, su ma kuma ba kullum suke samun inda za su cika jarkokinsu ba.

Yanzu wani bawan Allah a layin ya yi alkawarin biyan rabin kuɗin sa sola a matsayin sadaka mai gudana ga mahaifansa, mu kuma mu haɗa sauran. Mun kira masu haɗa sola biyu. Na farko ya kawo lissafin farantan sola da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da manyan batura takwas, ya ce da haka za mu iya jan ruwa dare da rana, mu kuma haska masallaci. Na biyu ya ce kada mu sayi batir ko ɗaya, a haɗa faranti kai tsaye da injin, a ƙara tanki. Kwamiti ya rabu gida biyu, kuma mafi yawa sun karkata ga na farko saboda maganar hasken masallaci.

Abin da ke damuna shi ne yawan fitilun sola da nake gani a kan tituna sun mutu, da rijiyoyin sola da allon sunan wanda ya gina su kaɗai ya rage. Ina neman a gaya mini wanne tsari ya fi dacewa da mu, da abin da ke kashe irin waɗannan ayyuka, da yadda ake yi da batura idan sun ƙare. Akwai kuma wani dattijo da ya ce idan muka sa sola rijiyoyin gidajen maƙwabta za su ƙafe, aka yi masa dariya, ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai.

Injiniyan Ruwa da Lantarki, Barnawa

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah Ya karɓi niyyar mai sadakar, Ya jiƙan mahaifansa. Zan fara da lissafi, domin da yawa daga rijiyoyin da ka ga sun mutu, tun a takarda aka kashe su kafin a ɗora faranti ko ɗaya.

Mu ɗauka kowane gida yana da mutum goma, mutum 600 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga mutum a yini a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishe shi sha da girki da 'yar tsafta, wato lita 12,000, idan kuma aka ƙara alwalar masallaci da buƙatar makaranta da wankin gidaje, gara a yi shiri a kan lita 20,000. Ɗaga lita dubu ɗaya tsawon mita ɗaya yana cin kimanin wat-awa 2.7. Idan ruwan rijiyarku yana tsayawa a mita 40 ƙarƙashin ƙasa lokacin da injin ke ja, aka haɗa da tsawon tanki da gogayyar ruwa a cikin bututu ya zama mita 50, to aikin yini guda ya kai kilowat-awa 2.7, wato yunit 2.7. Injin sumo yakan mayar da kusan rabin wutar da ya ci ne kawai zuwa aikin ɗaga ruwa, saboda haka kuna buƙatar kusan yunit shida a yini, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Kaduna tana samun abin da ya haura awa biyar na cikakkiyar rana a yini idan aka yi matsakaicin shekara, amma ba da matsakaici ake yin shiri ba, da watan Agusta ake yi, lokacin marka, da hadari ke rufe sama har abin ya sauko kusa da awa huɗu. Idan ka raba shida gida huɗu, ka ƙara kwata saboda asarar zafi da ƙura da wayoyi, za ka tsaya a kan faranti masu ƙarfin kilowat biyu, misali guda huɗu masu wat 500 ko 550. Waɗannan alƙaluma na misali ne, sai an auna rijiyarku za a san na gaskiya, amma ko da su kaɗai za ka iya tambayar kowane mai haɗa sola ya nuna maka yadda ya kai ga nasa lissafin.

A kan batura, ina bayan mutum na biyu ba tare da wata tantama ba. Abin da kuke son adanawa ruwa ne, kuma ma'ajiyar ruwa ita ce tanki. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe yunit 2.4 a rubuce, amma idan ana son ya yi ƙarko ba a sauke shi fiye da rabi, don haka yunit 1.2 ne naka. Duk wutar da ta shiga batir ta fito ta bi ta inbata kuma tana zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a hanya. Sannan zafi maƙiyin batir ne: kowane ƙarin digiri goma a kan digiri 25 yana rage kwanansa da kusan rabi, ka kuwa san yadda ɗakin kwano yake a watan Maris da Afrilu a garin nan. Bayan shekara biyu zuwa huɗu za a dawo muku da lissafin sababbin batura takwas a lokaci guda, kuma a wannan gaɓa ce yawancin kwamitoci suke sakin aikin. Tankin roba mai kyau kuwa, idan aka yi masa inuwa, yakan haura shekara goma babu abin da ya nema.

Ku nemi kwantirolar da aka yi musamman domin injin ruwa, wadda ke karɓar wutar faranti kai tsaye, tana rage gudun injin da safe da yamma, tana ƙara shi da tsakar rana. Akwai masu ƙofa ta biyu da za a iya jona wa wutar layi ko janaretanku na yanzu a ranar da hadari ya wuni, saboda haka kada ku sayar da janaretan. Ku yi tankin da zai ɗauki ruwan yini ɗaya da rabi, ku kuma tuna cewa lita dubu nauyin tan guda ce. Tun da famfunanku suna gindin tankin, ba ku da buƙatar dogon ƙarfe mai hawa uku. Dakalin kankare na mita biyu ya wadatar, ya fi aminci, kuma kowace mita da kuka rage a tsawo wuta ce kuka tara.

Hasken masallaci da lasifika a yi musu nasu ƙaramin tsari daban, faranti ɗaya ko biyu da batirin litiyom ƙarami, wanda ake iya saukewa har kashi 80 cikin ɗari kuma yake jure caji dubbai. Idan aka haɗa su da na rijiya, wata rana za a jona fanka, gobe firji, jibi cajin wayoyin layi gaba ɗaya, a wayi gari babu ruwa babu haske.

Saura zaman faranti. Muna kan digiri goma da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, don haka su fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 10 zuwa 15 yadda ruwan sama zai riƙa wanke su. Kada a manna su a jikin kwano, a bar iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsu, domin faranti yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya haura 25. Reshen darbejiya guda da ya yi wa kusurwar faranti ɗaya inuwa yana iya rage ƙarfin duka jerin. Da hunturu kuma a sa yaro mai hankali ya wanke su duk mako da ruwa zalla da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi.

Malamar Kimiyyar Muhalli, Unguwar Rimi

Malam Sakatare, sannu da ƙoƙari. Injiniya ya gama da ɓangaren wuta, ni zan tsaya a kan dattijon da aka yi wa dariya, domin a ganina shi ne ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi.

Garin Kaduna yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, ba kamar yankin Sakkwato ko na tafkin Chadi ba, inda ake da shimfiɗun yashi masu kauri da ke riƙe ruwa mai yawa. A nan ruwan ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne da kuma tsagogin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa za ka ga rijiya tana bayar da ruwa sosai, a haƙa wata a bayan katanga ta fito da ƙyar. Rijiyoyin guga na gidaje da burtsatse marasa zurfi sau da yawa daga wannan sashe guda suke sha. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, duk shekarun nan tsadar mai ce ta zame muku linzami: kuna jan ruwa awa biyu ku kashe, rijiya ta huta ta cika. Ranar da kuka koma sola linzamin ya fita, injin zai yi ta ja daga hantsi har la'asar sakaliya, tanki ya cika ya riƙa ambaliya cikin kwata, babu wanda abin ya dama saboda ba a sayen rana. Sola ba ta ƙafar da rijiya da kanta, jan da ya wuce abin da ƙasa ke mayarwa shi ke ƙafar da ita.

Saboda haka kafin ku sayi komai, ku sa a yi wa rijiyar gwaji: a ja ruwa awoyi da yawa a jere ana auna yadda yake sauka, a kashe injin a auna yadda yake dawowa. Wannan ne zai nuna lita nawa take iya bayarwa a awa, kuma a kansa za a zaɓi girman injin, ba a kan kuɗin da ke hannu ba. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando, kuna iya neman shawarar masananta. A sa makunnin da ke kashe injin idan tanki ya cika, da wanda ke kashe shi idan ruwan rijiya ya yi ƙasa, da mitar ruwa a bakin bututu. Sannan ku ɗauki igiya da awo, ku shiga gidaje uku ko huɗu mafi kusa, har da na dattijon, ku rubuta zurfin ruwan rijiyoyinsu a watan Afrilu da watan Satumba na kowace shekara. Idan rigima ta taso nan gaba, littafin ne zai raba gardama.

Akwai kuma mayar wa ƙasa abin da aka ɗiba. Ruwan saman da ke sauka a Kaduna ya haura milimita 1,000 a shekara, kowace milimita a kan murabba'in mita ɗaya kuwa lita guda ce, wato rufin masallaci mai murabba'in mita 200 yana zubar da abin da ya haura lita 200,000 duk damina. Yanzu da kowa ke shafe tsakar gidansa da siminti, ruwan nan lambatu yake bi ya tafi kogi, ya ƙara wa mazauna bakin ruwa ambaliya, ƙasa kuma ta kwana da ƙishirwa. Indararo da tanki ɗaya za su ɗauke muku alwalar watannin da rana ta fi rauni, rarar kuma a kai ta ramin tsakuwa ta nutse.

Game da tsabtar ruwan, abin da aka fi bayar da shawara shi ne a bar mita 30 tsakanin rijiya da masai ko shadda, ni kuma na san yadda filaye suke a Rigasa. Inda tazarar ba ta samu ba, dole a tabbatar an cike gefen bututun rijiyar da siminti daga sama zuwa mitoci da dama, an yi mata dandamali mai gangara, an kuma kai ruwan ɗakin gwaji sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. A nemi a duba ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida, waɗanda bai kamata a samu ko ɗaya ba a cikin mililita 100, da sinadarin naitiret, wanda iyakarsa miligiram 50 ce a lita.

Batun batura shi ne ya sa nake roƙon kwamitinku ya bi shawarar Injiniya. Babban batir irin wanda aka lissafa muku yana da nauyin kusan kilo 60, fiye da rabinsa dalma ce, sauran roba da ruwan batir mai ƙuna. Idan ya mutu 'yan gwangwan suna saye da daraja, sai dai wasunsu fasa shi suke yi da gatari, su tuttular da ruwan a kwata, a narka dalmar a fili kusa da gidaje, ƙurarta ta sauka inda yara ke wasa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Hanyar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, waɗanda suka ɗora wa masu shigo da su da masu sayarwa alhakin karɓar matattu. Duk batirin da za ku saya, ko na hasken masallaci ne, ku rubuta a takardar ciniki cewa mai sayarwa zai karɓe shi idan ya ƙare, ku kuma mayar masa da shi a tsaye, da ruwansa, ba a fasa ba. Na litiyom ba shi da dalma, amma idan aka huda shi ko aka jefa shi bola yana iya kamawa da wuta.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa, Kakuri

Ɗana Sakatare, Allah Ya yi maka albarka. Ni ba injiniya ba ne, shekaruna na yi su a gaban injin saƙa, daga baya na riƙe ma'ajin kwamitin masallacinmu shekaru masu yawa. Abin da Injiniya da Malama suka faɗa duka na yarda da shi, sai dai ina ganin abin da ya fi kashe irin wannan aiki bai kai ga faranti ko dutsen ƙasa ba, yana cikin aljihun ma'aji ne.

Ranar da ruwa ya fara zuba ba tare da an sayi mai ba, a ranar mutane za su ce karo-karo ya ƙare. Na ga haka da idona a wata unguwa kusa da mu: aka sa sola, aka yi walima, aka daina karɓar ko sisi, bayan 'yan shekaru kwantirola ta ƙone, kuɗin da bai kai na ragon suna biyu ba ya gagari layi guda, farantan na nan har yau kaji na kwana a ƙarƙashinsu. Masu yin faranti suna ba shi garantin shekara 25, amma injin sumo da kwantirola da kawunan famfo za su mutu tun kafin nan, wasu ma fiye da sau ɗaya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku rage karo-karon idan kun ga dama, amma kada ku soke shi. Ku buɗe asusu a banki mai sa hannun mutum biyu, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a duk wata uku. 'Yan garuwa kada ku kore su, ku sayar musu da rarar ruwa a farashi mai sauƙi gwargwadon abin da gwajin rijiyar ya yarda, kuɗin ya tafi asusun gyara. Ku sa mata biyu a kwamitin, domin su ne suke fara sanin ruwa ya rage ƙarfi ko ya sauya ɗanɗano tun kafin labari ya iso majalisar ƙofar masallaci. Shi ma mai sadakar ku gaya masa gaskiya, cewa gudanar sadakarsa tana rataye ne da wannan asusu.

Akwai wata magana da nake son matasan zauren nan su riƙe, ko da ta ɗan fi rijiyarku faɗi. Ana yin zancen makamashin da ba ya ƙarewa kamar jiya ya zo da farantan sola, alhali kogin nan namu da ke ratsa gari shi ke juya injunan Shiroro, masu megawat 600, tun 1990, shi ne kuma yake juya na Zungeru masu megawat 700 a ƙasa da can. Kainji tana aiki a kan Neja tun 1968, madatsar Gurara da ke cikin jiharmu ma an sa mata injunan megawat 30. Masaƙar farko a Kakuri ta fara aiki a 1957, kuma a zamanin da nake aiki sau uku ake canjin ma'aikata a yini, injuna ba sa tsayawa. Irin wannan aiki ba a yin sa da faranti huɗu a kan rufi. Sola ta dace da rijiya da asibitin unguwa da shago, ina murna da ita, amma ina tsoron kada kowa ya sa tasa ya rufe ƙofa, a manta da neman a gyara layukan da ke ɗauko wutar kogi, tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Ba zan kuma ɓoye laifin zamaninmu ba: ruwan rini da muke saki yana bin magudana har kogi, wata rana ja wata rana shuɗi, masu lambu suna ban ruwa da shi, ba mu taɓa tambayar inda yake ƙarewa ba. Shi ya sa maganar Malama a kan batura ta shige ni.

Mai Haɗa Sola, Tudun Wada

Baba ya yi gaskiya a kan asusu. Zan ƙara abubuwan da nake gani a wurin aiki, tun da a Panteka na koyi walda kafin na koma wannan sana'a. Ba kowane faranti ne yake bayar da abin da aka rubuta a bayansa ba, don haka a buɗe kwali a gabanku, a fitar da shi rana tsaka, a auna shi da mita kafin a biya, a kuma duba girmansa, domin faranti mai wat 500 na gaske yana kai wajen mita biyu a tsawo. A yi amfani da wayar jan ƙarfe mai kauri wadda aka yi domin zaman rana, a binne sandar da ke sauke wuta ƙasa, a sa na'urar kariya daga tsawa, saboda yawancin kwantirolar da ake kawo mini a ƙone a farkon damina suke zuwa. A walde kan kusoshin da ke riƙe da farantan domin ɓarayi, a sa kwantirola cikin akwatin ƙarfe mai ƙofofin iska. Kada ku karɓi injin da babu kayan gyaransa a kasuwar garin nan, komai arharsa. Ku kuma sa sharaɗi cewa wanda ya yi aikin zai koya wa matasa biyu na layin yadda ake karanta kwantirola da sauya fiyus, ya bar muku zanen yadda ya haɗa wayoyin, a riƙe wani kaso na kuɗinsa sai rijiyar ta wuce watan Agusta tana cika tanki.

Sakataren Kwamitin Ruwa, Rigasa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa kwamiti amsoshinku jiya bayan sallar isha'i, kuma an amince a fasa sayen batura takwas ɗin, a yi wa masallaci nasa ƙaramin tsari, karo-karo kuma ya ci gaba a kan rabin abin da ake bayarwa yanzu. Dattijon da ya yi maganar rijiyoyi shi aka ɗora wa riƙe littafin awo, ya kuma karɓa.

Sai dai mun gano abubuwa biyu da ba mu zata ba. Babu wanda ke da takardar haƙa rijiyar, masu tunawa sun kasu tsakanin mita 45 da mita 60, wanda ya haƙa ta kuma ya bar gari. Da muka ja igiya da safiyar yau, sai muka tarar shaddar makarantar Islamiyya tana mita 14 ne kacal daga bakin rijiyar, kuma tana ɓangaren tudu. Mun dakatar da sayen faranti sai an zaro injin an auna zurfin, an kuma kai ruwan gwaji. Malama, idan sakamakon ya nuna akwai ƙwayoyin cuta, shin sa sinadarin kulorin a tanki zai wadatar na ɗan lokaci, ko kuwa wajibi ne mu fara da ɗauke shaddar kafin mu taɓa kuɗin sola?